Kaya 2,000 da Rajistar da Ba a Kammala Ba: Lamarin Gidan Tarihin Birtaniya

Ranar 16 ga Agusta 2023 Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ya fitar da wata 'yar gajeriyar sanarwa. Wasu kayayyaki daga cikin ajiyarsa sun ɓace, an sace wasu, an lalata wasu, kuma an sallami ma'aikaci ɗaya. Kayan ƙanana ne: kayan ado na zinariya, duwatsu masu daraja da aka sassaƙa, da gilasai, waɗanda zamaninsu ya kama daga ƙarni na 15 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa ƙarni na 19 bayanta. Ba a baje su wa masu ziyara. A ɗakin ajiya suke zaune, sai mai bincike ya zo a ɗauko masa. A ranar ba a faɗi yawansu ba. Bayan kwana goma ne shugaban kwamitin amintattun gidan, George Osborne, wanda ya taɓa riƙe muƙamin ministan kuɗin Birtaniya, ya ce sun kai wajen 2,000, ya kuma amsa da bakinsa cewa ba duk kayan gidan ne aka shigar a kundi yadda ya kamata ba.

Jaridu sun fi ɗaukar maganar farko, domin sata ita ke sayar da labari. Ni kuwa ta biyun ce ta tsaya mini. Gidan da ke riƙe da kaya wajen miliyan 8 ya wayi gari bai iya cewa ga takamaiman abin da ya rasa ba, don da yawa daga cikin abin da aka ɗauka ba a taɓa rubuta su ɗaya bayan ɗaya ba tun ranar da suka shigo.

Yadda kaya ke zama na gidan tarihi

Duk wanda ya taɓa zama wurin karɓar lefe ya san rabin wannan aiki. Dangin ango sun dire akwatuna, gwaggonnin amarya ba sa cewa "akwati shida, madalla" su rufe. Buɗewa ake yi a gaban waɗanda suka kawo, a ƙirga atamfa turmi nawa, leshi nawa, mayafi nawa, takalmi ƙafa nawa. Ba rowa ko rashin yarda ke sa haka ba. Ana yi ne domin in gobe an nemi wani abu an rasa, ko magana ta taso, ƙirgar nan ce shaida. Aikin gidan tarihi shi ne wannan ƙirgar, sai dai da alƙalami ake yin ta, kuma ana so ta yi shekara ɗari biyu tana magana bayan duk waɗanda suka halarta sun kwanta dama.

Idan mutum ya kawo kyauta, abin da ake fara yi shi ne cike takardar shigowa: wane ne ya kawo, yaushe, mene ne, guda nawa, a wane hali yake. Kowa ya sa hannu, mai kaya ya tafi da kwafinsa. A wannan lokacin kayan bai zama na gidan ba tukuna, amana ce kawai. Sai a bi asalinsa: a ina mai kyautar ya samo shi, gado ne ko saye, ta halaliya ya bar ƙasarsu ko ta bayan gida. In an gamsu an yanke shawarar karɓa, mai kyautar zai sa hannu a wata takarda ta daban cewa kayan nasa ne, yana da ikon bayarwa, kuma ya sallama. Daga nan ake ba kayan lamba wadda ba a taɓa ba wani abu ba, ba kuma za a sake ba wani ba, a rubuta ta a babban littafin rajista, a kuma rubuta ta a jikin kayan ta hanyar da za a iya gogewa ba tare da an yi masa lahani ba. In ƙanƙane ne ƙwarai sai a rataya masa 'yar takarda ko a rubuta a mazubinsa. Sannan a auna, a ɗauki hoto, a bayyana siffarsa, a ƙarshe a rubuta inda aka ajiye shi: ɗaki kaza, kabad kaza, aljihun tebur kaza. Duk ranar da aka gusar da shi, ko da zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka ne, dole rubutun ya bi shi.

Abin mamaki, Birtaniya ce ta tsara wa duniya ɗaya daga cikin fitattun ƙa'idojin wannan aiki. Ana kiran ƙa'idar Spectrum, an fara fitar da ita a 1994, kuma a yau gidajen tarihi na ƙasashe da dama da ita suke aiki. Akwai kuma wata mai suna Object ID wadda cibiyar Getty ta Amurka ta ƙaddamar a 1997 musamman saboda sata. Ita tambayoyi tara take so a amsa game da kowane abu, kamar irinsa, abin da aka yi shi da shi, girmansa, rubutu ko tambarin da ke jikinsa, da wani tabo ko karaya da ya bambanta shi da 'yan uwansa, a haɗa da hoto. Manufarta ita ce ɗan sanda ko jami'in kwastan da bai san komai game da tarihi ba ya iya duba takarda ya duba kaya ya ce wannan ne.

Lambobin Gidan Tarihin Birtaniya suna da daɗin karantawa in ka san sirrinsu. Ɗauki kwalkwalin Sutton Hoo, wanda aka tono a 1939 a cikin wani tsohon kabari da aka binne jirgin ruwa a cikinsa a gundumar Suffolk ta Ingila. Filin na wata mata ce mai suna Edith Pretty, hukuma ta yanke cewa dukiyar tata ce, ita kuwa ta bayar da ita kyauta ga ƙasa. Lambar kwalkwalin ita ce 1939,1010.93. Wato shekarar 1939, rukunin kayan da aka yi wa rajista da kwanan wata 10 ga watan 10, abu na 93 a cikin rukunin. A gutsattsare aka same shi, ɗaruruwan ɓaraguzan ƙarfe masu tsatsa, an harhaɗa shi a shekarun 1940, aka wargaza aka sake harhaɗawa a farkon shekarun 1970, amma lambar nan tana nan ba ta motsa ba. Wanda ya saci wannan kwalkwali ba shi da kasuwar da zai kai shi a faɗin duniya.

Bashin da ya fara taruwa tun ranar farko

Matsalar ita ce gidajen tarihi ba ɗaya-ɗaya kaya ke zo musu ba. A tare suke zuwa, wani lokaci dubbai a rana guda, galibi bayan wani attajiri mai sha'awar tara kayan tarihi ya rasu. Shi kansa Gidan Tarihin Birtaniya da wasiyya aka kafa shi. Likita Hans Sloane ya rasu a 1753 ya bar wa ƙasa kaya sama da 71,000, bisa sharaɗin a biya magadansa fam 20,000. Majalisa ta amince, aka buɗe gidan ga jama'a a 1759. Daga nan rukunai suka yi ta kwararowa daga wasu masu tara kaya: wasiyyar Cracherode a 1799, ta Payne Knight a 1824, ta Franks a 1897. A tsakani akwai kayan Charles Townley, wani mai hali da ya yi ta zuwa Italiya yana sayen kayan Rumawa. Bayan rasuwarsa a 1805 aka sayi manyan gumakansa na marmara, sannan a 1814 aka sayi ƙananan kayan, ciki har da tarin duwatsun zobba.

Kayan Townley saye aka yi, ba kyauta ba, amma ciwon iri ɗaya ne da na kyauta. Ka ɗauka ma'aikata uku ko huɗu ne a sashe, an dire musu akwatuna. Da me za su fara? Da gunkin da ya fi mutum tsawo mana, wanda za a kafa a zaure kowa ya gani. Shi za a auna, a zana, a rubuta masa shafi guda. Duwatsun da ba su wuce girman farce ba, waɗanda wasunsu ma a fashe suke, sai a jera a faranti a tura cikin aljihun tebur da niyyar za a dawo kansu. Kafin a dawo wani rukunin ya iso. Wanda ya san abin da ke cikin aljihun ya yi ritaya, na bayansa ya gaji mabuɗi bai gaji sanin ba.

Akwai kuma abin da ya ƙara rage wa duwatsun nan daraja a idon masana. A ƙarni na 18 attajiran Turai sun haukace a kansu, wannan ya sa masu sassaƙa na zamanin suka cika kasuwa da na kwaikwayo. Da aka gane cewa da yawa ba tsofaffin ba ne, sai sha'awa ta dusashe, masu nazarinsu suka ragu. Abin da ba a nema kuwa ba a saurin lura da rashinsa. Da yawa daga cikin kayan da suka ɓace daga rukunin Townley suka fito, wato sun yi shekara sama da 200 a gidan ba a gama yi musu rajista ba.

Duwatsun iri biyu ne. Akwai wanda ake ƙwaƙule hoto a cikinsa, a ɗora a zobe, a riƙa danna shi a kan kakin zuma ko yumɓu a matsayin hatimi. Akwai wanda ake sassaƙe gefe a bar hoton ya taso a sama. Ko wanne ne, goma za su shige aljihun riga ba wanda ya ji ƙara.

Dillalin da ya fi gidan sanin kayansa

Ba ƙararrawa ce ta tona asirin ba, ba kuma mai gadi ba. Wani dillalin kayan tarihi ne ɗan ƙasar Danmak, Ittai Gradel, wanda ya taɓa koyarwa a jami'a kuma ya ƙware a kan irin waɗannan duwatsu. Ya daɗe yana sayen duwatsu a shafin saye da sayarwa na eBay daga hannun wani mai sayarwa da ke cewa gadonsu ya yi. Farashin ya yi araha ƙwarai, amma a wannan sana'a ba baƙon abu ba ne magaji ya sayar da abin da bai san darajarsa ba.

A 2016 mai sayarwar ya saka wani gutsuren dutse a kan fam 40, jim kaɗan kuma ya cire shi. Gradel ya riga ya adana hoton. Bayan 'yan shekaru sai ya ci karo da wannan gutsuren a shafin intanet na Gidan Tarihin Birtaniya, da hotonsa, a matsayin kayan gidan. Ya kuma gane wani dutsen a cikin wani kundin duwatsun gidan da aka buga tun 1926. A nan darasin lamarin yake kwance. Muddin mai ɗaukar kayan ya tsaya a kan waɗanda ba su da rajista, babu wanda zai iya kama shi, ko an ga dutsen a kasuwa ba abin da za a gwada shi da shi. Ranar da hannunsa ya faɗa kan 'yan ƙalilan da wani ma'aikaci ya taɓa zama ya bayyana ya ɗauki hotonsu, ranar ce igiya ta fara zargewa. Aikin da wani ya yi kusan shekara ɗari da suka wuce, wanda wataƙila a lokacin ana ganin ɓata lokaci ne, shi ya zama shaida.

A watan Fabrairun 2021 Gradel ya rubuta wa mataimakin daraktan gidan, Jonathan Williams, ya haɗa da hujjojinsa. Bayan watanni aka ba shi amsa cewa an bincika, kayan da yake magana a kansu duk suna nan. Mutumin bai haƙura ba, ya ci gaba da rubutu har maganar ta kai kunnen amintattu. A ciki kuma wata ƙidaya da aka yi a ɗakin ajiyar sashen Girka da Rum ta nuna wani abu ba ya inda aka rubuta yana nan, aka faɗaɗa ƙidayar a 2022, sai ga ramin ya fi yadda kowa ya zata.

Me ya sa binciken farko ya ce lafiya lau? A cikin takardun ƙarar da gidan ya shigar a babbar kotun Landan a 2024, ya zargi ma'aikacin da ya sallama da amfani da muƙaminsa wajen ɗaukar kayan, da kuma sauya bayanai a rumbun kwamfuta don ɓatar da sawu. Mutumin ya musanta zargin, don haka ban ga dalilin kiran sunansa a nan ba. Amma ko wane ne ya yi, tsarin ya nuna rauninsa. Idan mutum ɗaya ne ke riƙe da mabuɗin ɗaki, shi ke da ikon gyara rajista, kuma sashensa ake tambaya ko kaya sun cika, to rajistar ta daina zama shaida, ta koma bakin mai ita. Da ɗan gari akan ci gari. Osborne ya faɗa wa kwamitin majalisa a watan Oktoban 2023 cewa aikin na cikin gida ne, kuma ana jin an shafe shekara 20 zuwa 25 ana yi.

Daraktan gidan, Hartwig Fischer, ya fara da ɗora wa Gradel laifin cewa bai faɗi duk abin da ya sani ba. Kwana biyu bayan haka, ranar 25 ga Agusta 2023, ya janye maganar, ya nemi afuwa, ya amsa cewa gidan bai ɗauki gargaɗin 2021 da muhimmancin da ya kamata ba, ya ajiye aiki. Williams ma ya janye daga muƙaminsa.

Lissafin ɓarna da lissafin gyara

Kwamitin bincike mai zaman kansa, ƙarƙashin Nigel Boardman da Lucy D'Orsi da Ian Karet, ya miƙa rahotonsa a Disambar 2023 da shawarwari 36. Zuwa lokacin an rarrabe adadin. Wajen 1,500 sun ɓace ko an sace. Wajen 350 suna nan amma an ɓamɓare zinariyar da ke jikinsu, kuma ba a sa ran dawowarta, don mai yiwuwa an narkar. Wajen 140 kuma an ji musu rauni da kayan aiki. Na tsakiyar nan ya fi ba ni takaici. Zoben da ya tsira daga faɗuwar daular Rum ya zo ya ƙare a tukunyar maƙerin zinariya, an auna shi da giram.

Mark Jones, wanda ya riƙe gidan na wucin gadi, shi ya fito da girman bashin fili. Akwai kaya wajen miliyan 1 da ba su da rajista sam. Akwai 300,000 da ke cikin littafi amma ba su shiga kwamfuta ba. Akwai miliyan 1.1 da ke cikin kwamfuta amma ba su da hoto. Jimla miliyan 2.4. Gidan ya ce zai kammala cikin shekara biyar, a kan kuɗi wajen fam miliyan 10, ya kuma saka komai a intanet. An kuma hana kowa shiga ɗakin ajiya mai tsaro shi kaɗai.

Matakan nan uku, littafi da kwamfuta da hoto, ba ɗaya ba ne, kuma duk mai kula da ajiya ya kamata ya san bambancinsu. Layi ɗaya a littafi da ke cewa "dutsen zobe, ja, da kan mace" yana tabbatar da cewa wani abu ya shigo, amma akwai dubban jajayen duwatsu masu kan mace. Shigar da layin a kwamfuta yana sauƙaƙa nema, bai ƙara masa ƙarfin shaida ba. Hoto mai kyau, wanda ya nuna tsagewar da ke gefen hagu, shi ke raba wannan dutse da sauran. Kuma hoton da ke intanet ya fi wanda ke kulle a ofis, domin ya mai da duk wani dillali da ɗalibi a duniya mai gadi. Tsohon tunani shi ne ɓoye jerin kaya don kada ɓarawo ya san abin da ke ciki. Lamarin Landan ya nuna cewa ɓarawon da ya fi haɗari ya riga ya san abin da ke ciki, jama'a ne kaɗai ba su sani ba.

Labarin bai tsaya a Ingila ba. Gidan yana riƙe da kayan Benin sama da 900, yawancinsu daga harin da sojojin Birtaniya suka kai birnin a 1897, kuma an daɗe ana kafa hujja da cewa sun fi samun tsaro a Landan. Shugaban hukumar gidajen tarihi ta Najeriya na lokacin, Farfesa Abba Isa Tijani, ya bayyana mamakinsa cewa waɗanda ke cewa kayan ba za su tsira a Najeriya ba su ne ake sata a gidansu, ya kuma sake neman a dawo da su. Girkawa ma sun yi irin wannan magana game da sassaƙe-sassaƙen Parthenon, tsohon haikalin birnin Athens, da gidan ke riƙe da su. Magana ce a kan hanya. Sai dai neman a dawo da kaya ma da rajista yake tafiya. Shirin Digital Benin da aka buɗe a Nuwambar 2022 ya tattara bayanan kayan Benin 5,246 da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, kuma daga kundayen waɗannan cibiyoyin aka samo su. Abin da gidan da ke riƙe da shi bai rubuta ba, masu shi ba za su san ma su neme shi ba.

Komowar kayan

Neman abin da ba ka da hotonsa aiki ne na wahala. Gidan bai fitar da cikakken jerin abin da ya ɓace ba, sai misalan ire-irensu, ya roƙi dillalai da masu tara kaya su duba abin da ke hannunsu. Ma'aikatan da aka ɗora wa aikin, ƙarƙashin shugaban sashen Girka da Rum Tom Harrison, suka koma kan tsofaffin takardu da kundaye suna neman duk wani layi da zai haɗa wani dutse da gidan. Rukunin farko da ya dawo, wajen 350, mafi yawansu ta hannun Gradel suka biyo, mutumin da aka ce masa komai lafiya. A Fabrairun 2024 aka baje goma daga cikin waɗanda suka dawo, duwatsun da da ƙyar wani mai ziyara ya taɓa ganinsu kafin a sace su. Zuwa watan Mayun 2024 an dawo da 626, an kuma gano inda wasu wajen 100 suke. Hukumar FBI ta Amurka ma ta shiga binciken saboda waɗanda aka sayar a can.

Wurin da abin ya fi ɗaure kai shi ne batun mallaka. Mai tara kaya a wata ƙasa ya sayi dutse da kuɗinsa, da kyakkyawar niyya. Gidan ya zo ya ce nawa ne. Ina lambarsa? Babu. Ina hotonsa? Babu. A gaban alƙali, cewa "muna kyautata zaton daga aljihun teburinmu ya fito" ba hujja ba ce. Shi ya sa a wasu lokutan hanyar da ta rage ita ce a roƙi mai riƙe da dutsen ya bayar da shi ga gidan, ma'aikata su zauna su tantance shi. Dutsen da wataƙila ya fara shiga ginin a 1814 cikin akwatin Townley sai ga shi ya sake shigowa bayan shekara 210, wannan karon a matsayin kyauta daga hannun baƙo.